Yadda zaka buɗe wajen koyar da sana'a a ƙauye kuma ya ɗore

Tun da na fara koyar da gyaran waya a zauren gidanmu, a wani ɗan gari a ƙasar Gumel, da wuya wata ya wuce wani bai tare ni da tambayar yadda ake fara wannan harka ba. Wani tela ne, wani mai haɗa sola, wata tana haɗa sabulun ruwa da man shafawa da turaren wuta, wani kuma yayi difloma a kwamfuta ya dawo gida yana zaune ba aiki. Tambayar tasu kusan ɗaya ce, nawa zan tanada, wace takarda ake nema, kuma wai mutanen ƙauye zasu biya kuwa? Toh bari in baje abinda na sani, don wallahi ina son inga irin waɗannan wurare sun yawaita a garuruwanmu, yaranmu su rage tafiya cirani Kudu da damina ta wuce.

Abu na farko da zan gaya maka ɗan'uwa, iya sana'a daban, iya koyar da ita daban. Akwai ƙwararren da in ya ɗauki waya kafin ka ƙifta ido ya gano matsalarta, amma kace yai maka bayanin yadda akai ya gano sai ya tsaya yana kallonka, hannunsa ne ya sani bakinsa bai sani ba. Irin wannan shi yasa yaron shago yake shekara uku yana siyo abinci da share shago bai iya komai ba. Kai kuwa kuɗi zaka karɓa kace a wata uku ko shida zaka fitar da yaro ya iya, don haka kafin ka nemi shago ko allon talla, ka nemi littafi mai bango da biro ka zauna ka rubuta sana'ar taka daga tushe, me yaro zai fara sani ranar farko, me zai biyo baya, me ba zai yiwu a koya masa ba sai ya iya na gabansa. Ni sai da nayi sati biyu ina wannan rubutun, kullum bayan isha'i. Daga nan ka gwada akan mutum biyu na gida, ƙaninka ko ɗan maƙota, kaga inda suke cijewa, sai ka koma ka gyara littafin. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Sannan wace sana'a? Kar ka zaɓi wadda take tashe a Facebook, ka zaɓi wadda garinku da ƙauyukan kewaye suke biyan kuɗi akanta yau. Hanyar ganewa mai sauƙi ce, ka duba me mutane suke ɗauka su shiga mota su kai birni. Mu a wajenmu waya ce, mutum zai kashe kuɗin mota ya tafi Kano don sikirin ɗin waya ya fashe, kuɗin motar ma wani lokacin yafi kuɗin gyaran. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuma sai harkar sola ta buɗe sosai, masu cajin waya, masu kemis, masallatai, masu noman rani da suka gaji da siyan fetur suna komawa injin ban ruwa mai sola, duk suna neman wanda zai haɗa musu ya kuma gyara in ya samu matsala. In kana wajen Kura ko Kadawa ko Auyo inda noman rani yake da ƙarfi, wanda ya iya gyaran injin ban ruwa baya zama. In kuma kusa da makarantar sakandare kake, koyar da kwamfuta tana tafiya sabida JAMB yanzu a kwamfuta ake rubuta ta, kuma akwai yaran da ranar jarabawar ce ranar da suka fara taɓa linzamin kwamfuta. Ka ɗauki guda ɗaya ka fara da ita. Wanda ya rubuta sana'a goma a allonsa mutane basa yarda dashi, kuma suna da gaskiya.

Yanzu ga inda ni na faɗi, kuma shine nafi so ka riƙe. Rukunina na farko na buɗe shi ne a watan Yuni, yara 14 suka yi rajista, murna kamar me. Sati na biyu ruwa ya sauka, washegari mutum biyar na gani, aka shiga noman firi suka koma uku. Ba wai basa so bane, gona ce ta kira kuma babu uban da zai bar ɗansa yana zaune gaban tebur alhali ciyawa tana cin gero. Ni kuma na riga na siyo kaya, kuɗin da na ranta a wajen yayata yana jirana. A ƙauye kalandarka ita ce ta manomi. Lokacin da yafi kyau ka buɗe sabon rukuni shine da kaka, an girbe gero an sayar da riɗi da wake, kuɗi ya shigo hannu, yara kuma basu riga sun tafi cirani ba, wato daga wajen Nuwamba zuwa Disamba. Rukuni na biyu ka kama shi da bazara ka tabbata kun gama kafin ruwan shuka. Da damina kuwa ko ka rufe aji ka koma gyara kawai, ko ka mayar da darasi dare bayan isha'i ga waɗanda suke cikin gari. Ka kuma cire ranar kasuwa daga jadawalinka. Mu Alhamis ta Maigatari ce, ko ka saka darasi babu mai zuwa, na wajen Taura da Ringim kuma Lahadi suna Gujungu, na wajen Wudil Juma'a. Azumi ma ka lissafa dashi, darasin safe ne kawai yake yiwuwa, goman ƙarshe kuwa in tela ne kai ka manta da aji gaba ɗaya, ka saka ɗaliban a aikin ɗinkin sallah, wannan ma ai karatu ne.

Wajen zama ba sai ka wahalar da kanka ba. Zaure mai iska ya isa, ko shago ɗaya a bakin hanya, benci biyu, tebur mai ƙwari, allo da alli. Abinda bazan yi maka sassauci akai ba shine kayan aiki. Ƙa'idata, kar ɗalibi ya wuce biyu akan kayan aiki ɗaya. In keken ɗinki huɗu gareka to ɗalibanka takwas ne, in kuma kana so su fi haka ka raba su safe da yamma. Nasan jarabar, mutum ashirin zasu zo da kuɗi a hannu kaji kamar ka karɓe duka, amma ɗalibi ashirin akan kwamfuta uku ba koyarwa bace, kallo ne, kuma ranar da suka fita basu iya ba su ne zasu bi gari suna faɗin cewa wajenka ba'a koyon komai. Kayan koyo kuma ba sababbi ake nema ba. Ni matattun wayoyi nake siyowa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano da araha, yaro ya kwance ya ɗaura ya ƙona ya lalata, babu mai yi masa faɗa. Tela ya fara da takardar buhun siminti da ƙyallaye kafin ya taɓa yadin mutane, in an kai matakin yadi sai a siyo mai sauƙin kuɗi a Kantin Kwari. Wuta kuwa kar ka dogara da ta KEDCO, garuruwa da yawa ma babu layin, ka fara da farantin sola ɗaya ko biyu da batir daidai ƙarfinka, janareta ya zama na ko-ta-kwana, don in ka ɗora ajinka akan fetur shi zai cinye ribar.

Kafin ka kafa allo kaje ka gaida manya. Mai unguwa, dagaci, limamin Juma'a. Ni da naje wajen dagacinmu na zube nace ranka ya daɗe nazo ne in sanar da kai zan fara koyawa yara sana'a a zauren gidanmu, ya tambaye ni ɗan waye ni duk da ya sani, ya tambayi ko maza da mata zan haɗa, nace a'a ranka ya daɗe, yace Allah yayi albarka, in an samu matsala a zo wajensa kafin a je ko'ina. Wannan gaisuwar ta minti goma ta yi min amfanin da talla bata yi ba, domin ran da wani yaro ya gudu da mitar gwajin wuta da wayoyin kwastoma biyu, a ƙofar gidan dagaci aka gama maganar kaya suka dawo.

Takardun hukuma kuma, kayi rajistar sunan kasuwanci da CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, ta intanet ake yi, zaka bada suna su duba ko ba'a riga ka ɗauka ba, kuma zasu nemi lambar NIN ɗinka. Da wannan takardar zaka buɗe asusun banki da sunan cibiyar, kar ka dinga haɗa kuɗin ɗalibai da kuɗin cefane a asusu ɗaya. Ka leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma ka ji abinda suke karɓa na shago da allon talla, ka biya ka karɓi rasit ka adana. Rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ma tana da kyau. Amfanin duk waɗannan shine ran da hukumomin gwamnati masu horar da matasa irin NDE ko ITF ko wata ƙungiya ko ɗan majalisar yankinku suke neman inda zasu tura matasa koyon sana'a, wanda yake da takarda da asusu da hotunan ɗalibansa shi ake iya bawa. Amma dan Allah kar ka gina harkarka akan jiran wannan. In yazo alhamdulillahi, in bai zo ba kuɗin iyayen yara ne zai riƙe ka. Kuma ka kiyayi masu zuwa da jaka suce daga wata ƙungiya suke za'a baku tallafi amma sai kowane ɗalibi ya sayi fom. An taɓa yi min, na tara kuɗin yara da hannuna na bayar, mutumin ya kashe waya, ni na biya su daga aljihuna don da sunana suka bayar.

Maganar satifiket, ka faɗi gaskiya. Takardar da zaka bayar shaida ce cewa wane ya halarci horo a wajenka na tsawon kaza ya koyi kaza da kaza, kar ka rubuta mata difloma, difloma ta makarantun da NBTE, hukumar kula da ilimin fasaha, ta amince dasu ce. Ɗalibin da yake son takardar da gwamnati ta sani ka nuna masa hanyar jarabawar gwajin sana'a ta ma'aikatar ƙwadago ta tarayya, mai mataki uku, ana farawa daga na uku a hau zuwa na ɗaya, ko kuma ta NABTEB, hukumar jarabawar fasaha da kasuwanci. Ka shirya su kai ka raka su, wannan ma wani abu ne da zai bambanta ka da sauran.

Toh kuɗi. Mutanen ƙauye suna biya, wanda yace basa biya bai iya tambaya bane. Amma ka fara sanin nawa abin yake cinka. Ka rubuta hayar wata uku, dalma da waya da zare da duk abinda yake ƙarewa, ruwan sha, gyaran kayan da yara zasu lalata don dole su lalata, sannan ka saka ladan kanka, yawancinmu nan muke mantawa. A ɗauka duka ya kama dubu 240 kuma ɗalibai goma zaka ɗauka, kar ka raba da goma, ka raba da takwas, sabida cikin goma da wuya ace babu wanda zai gudu ko ya kasa cikawa, kaga kowa dubu 30 kenan. Wannan misali ne kawai, kai ka saka naka lissafin da farashin yau. Ka raba biyan gida uku, rabi kafin a fara, sauran kashi biyu a farkon wata na biyu da na uku, kuma kar ka bari bashi ya kai ranar yaye, in yaro ya riga ya iya ya fita kuɗin nan sai dai ka bi shi da addu'a. Wanda bashi da tsabar kuɗi ya kawo hatsi, na sha karɓar gero da wake a farashin kasuwar wannan satin, in ajiye in sayar da bazara. Kowane biya ka yanka rasit ko da ta Opay ko Moniepoint aka turo, kuma kowane ɗalibi yazo da uba ko yaya ko kawu ya saka hannu a fom, a karanta masa sharuɗɗa da Hausa a gaban shaida.

Sai 'yan uwa. Wannan ita ce take kashe wurare da yawa a ƙauye kuma babu mai son faɗa. Kawu zai turo ɗansa, gwaggo zata turo jikanta, abokin baba zai turo biyu, kowa yana ganin ai na gida ne, kafin ka farga rabin ajin kyauta ne, kuma abin takaici su ne suka fi fashi don basu saka komai ba, banza bata kai zomo kasuwa. Abinda nayi shine na ware gurbi biyu a kowane rukuni na kyauta, na marayu da marasa ƙarfi, kuma ba ni nake zaɓa ba, mai unguwa da liman ne. In kawu yazo sai ince Kawu ayi haƙuri gurbin kyauta yana hannun Malam, amma zan rage masa wani abu ya biya a hankali. Da farko an ji haushi, har magana ta kai wajen mahaifiyata, daga baya kowa ya saba.

Cikin aji kuma ga yadda nake yi. In yi su gani, muyi tare, yaro yayi ina kallo ban saka masa hannu ba ko da yana kuskure matuƙar ba zai ji ciwo ba, sannan in sa shi ya koyawa na kusa dashi. Wannan na ƙarshen shine ma'aunin, wanda ya iya bayani ya iya. Surutu kar ya wuce kwata na lokacin, sauran duk hannu ne. Ka koyar da Hausa, amma sunan kayan ka bar shi yadda ake kiransa a kasuwa don in yaje siyayya kar a raina shi a sayar masa da jabu. Kar ka kunyata wanda bai iya karatun boko ba, cikin waɗanda suka fi kowa hannu a wajena akwai almajirin da da ajami yake rubuta darasinsa. Ranar farko kafin komai ka koya musu abinda zai iya cutar dasu, batirin waya da ya kumbura ba'a huda shi, ba'a haɗa batirin sola da zobe ko agogon ƙarfe a hannu, ba'a taɓa wayar wuta sai an gwada da mita. Kuma kar ka ɓoye komai. Nasan akwai masu riƙe sirri ɗaya biyu wai kar yaro ya fi su, wannan cin amana ne tunda ka karɓi kuɗinsa.

Sati biyun ƙarshe na ware su ne don abinda ba'a koyarwa a shago, yadda ake yanka farashi, yadda ake rubuta shiga da fita, yadda ake gayawa kwastoma gaskiya in aiki yafi ƙarfinka, cika alƙawari, da amana. Mai gyaran waya sirrin mutane ne a hannunsa, ina rantsar dasu cewa ba zasu buɗe hoto ko saƙon kowa ba, wanda na kama yayi kuwa ranar zai bar wajena ko da ya biya duka.

Mata kuma kasuwa ce babba da maza da yawa basa gani. Amma ba kai zaka tara su ba. Ka samu mace ƙwararriya, matarka ko ƙanwarka ko wata da zaku raba riba, ayi a cikin gida, da hantsi bayan an gama aikin safe ko bayan azahar kafin lokacin islamiyya da girkin dare, matar aure kuma da izinin maigidanta, budurwa da na iyayenta. In kuma ke ce mai sana'ar Hajiya, toh tsakar gidanki ma ya isa, kuma tallanki a gidan biki da suna yake.

Talla bata da wahala. Sanarwa bayan sallar Juma'a, lasifika ranar kasuwa, sitatus na WhatsApp da ɗan bidiyon yaro yana aiki da hannunsa, in da hali ka bada sanarwa a rediyo irin Freedom ko Sawaba ta Haɗeja. Amma babbar tallarka ita ce walimar yaye. Ka gayyaci iyaye da dagaci da liman, a shimfiɗa tabarmi, kowane ɗalibi ya gyara abu ko ya nuna ɗinkinsa a gaban ubansa, gani ya kori ji. A wajen walimar nake buɗe rajistar rukuni na gaba, kuma yawanci a nan rabin gurbin yake cika.

Akwai tambayar da kowa yake yi min a ƙarshe cikin raɗa, in na koya musu ai zasu ƙwace min kasuwa. Eh wasu kwastomomin zasu koma wajensu, wannan gaskiya ne. Shi yasa nake ɗaukar ɗalibai daga ƙauyuka daban daban, bana cika aji da 'yan unguwa ɗaya, kowa ya koma garinsu ya buɗe. Kuma duk wanda ya buɗe kayan gyara zai nema, shi bazai iya zuwa Kano don sikirin ɗaya ba, ni kuwa ina zuwa duk sati biyu in saro da yawa, sai na zama dilansu, aikin da yafi ƙarfinsu kuma ni suke turowa. Abinda nake samu ta nan yanzu yana riƙe ni da damina lokacin da babu aji. Matsalar da tafi wannan ita ce yaro ya gama bashi da kayan farawa, ya zauna wata shida hannu ya mutu. Don haka tun watan farko nake sa su adashi, kowa ya zuba ɗan abinda zai iya duk sati, kuɗin yana wajen wanda iyaye suka yarda dashi ba wajena ba, ranar yaye a siya masa mita da ayan ɗin dalma da sukundireba. Ina da littafi guda mai sunan duk wanda ya fita da garinsu da lambar wayarsa, duk ƙarshen wata ina kiran su ɗaya bayan ɗaya inji waye ya buɗe waye bai buɗe ba, wanda bai buɗe ba in kira shi ya dawo shago ya dinga kama min aiki ina bashi kaso har ya tara na tebur da rumfa.